Dakta da Yatsan Ammu Shaukat

"Ka ce masa ya saki!"

"Ba ya jin magana, Ammu."

"Kai ka ce yana ji! Shekara biyu kana cika mana baki cewa yana ji!"

"Cewa na yi yana ganewa. Kar ka ja."

"Kar in ja? Yatsana ne ko na ubanka?"

"Naka ne, shi ya sa. Haƙoransa baya suka tanƙwara. In ka ja, da fatar zai tafi."

Ammu Shaukat, wan mahaifin Midhat, yana durƙushe a gaban keji a saman bene, hannunsa na dama a ciki. A ƙarshen hannun akwai guza wanda tsawonsa ya haura mita guda, ya damƙe yatsan manuni, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu a rediyo. Da wannan yatsan Ammu ya yi shekara talatin da biyu yana nuna wa mutane ƙofa a wani ofishin gwamnati. Da ya yi ritaya, ya dawo da shi gida ya ci gaba da aiki da shi a kan 'yan'uwa.

Ranar Shammun Nasim ce, bikin shigowar bazara a Masar. An shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin tattabarun Ammu, an baje kifin fisik da ɗanyar albasa da ƙwai masu launi. Duk unguwar Imbaba wari ɗaya take, warin kifin da aka jiƙa a gishiri aka bari ya ruɓe da gangan. Kowa ya ci har gwiwar hannu. Da cikin Ammu ya ɗauka, sai ya tuna cewa a zamanin da yake soja da hannu yake kama irin waɗannan dabbobi a sahara. Matarsa Gamalat, ba ta ko ɗaga kai daga ƙashin kifin da take tsotsa ba, ta ce, "Kai da kake tashina in kashe maka kyankyaso a banɗaki?"

Shi ke nan. Ya tashi, ya zare sakata, ya zura hannu. Midhat yana wurin famfo yana wanke nasa hannun da sabulu, bai gani ba sai da ya ji ihu.

"Tante, miƙo min ruwan khal ɗin nan," in ji Midhat.

Gamalat ta miƙo kwalbar tana salati, amma kafaɗunta na rawa yadda na mai salati ba sa yi.

Mahaifiyar Midhat, Nagiba, ta tare shi. "Khal kuma? Zai ƙone masa baki!"

"Ni ba a bakina za a zuba ba, Ummu Midhat," in ji Ammu cikin nishi.

Ba bakin Ammu take nufi ba, kuma Midhat ya ji haka, amma ba shi da lokacin tunani. Ya danne wuyan guzan da hannu ɗaya, ya ɗiga khal a gefen bakinsa. Ɗigo uku. Guzan ya buɗe ido, ya yi tsaki irin nasu, ya saki. Ya ja baya yana lasar iska da harshensa mai reshe biyu, yana duban yatsan kamar wanda aka ɗauke wa kwano bai gama ba.

Jini ya ɓata gaban farar jallabiyar Ammu. Ya ɗaga yatsan zai kaɗa, zafi ya hana shi, sai ya ɗaga na hagu. Bai saba ba, ya fito kamar mai tsayar da tuktuk, keken haya mai ƙafa uku.

"Jumma'a," ya ce. "Ka tuna rantsuwarka. Jumma'a ya bar gidan nan."

Midhat bai manta ba. Gidan hawa biyar ne, kakansu ya gina, kuma tun da mahaifin Midhat ya rasu Ammu ne ke riƙe da komai, har da ikon ba da makullin saman bene. Ranar da Midhat ya shigo da guzan a kwalin takalmi, yana ɗan ƙarami kamar kokwamba, Ammu ya tsaya a matakala ya gindaya sharaɗi ɗaya: ranar da ya ciji ɗan Adam, ranar zai fita. Midhat ya rantse da rahamar mahaifinsa.

Ya sa masa suna Dakta. Nagiba ta daɗe tana roƙon Allah ya ba ta likita a gida, shi kuwa Midhat a sakandare ya tsaya, ya koma canza gilashin waya a wani shago a bakin titi. Ya ce yanzu addu'arta ta karɓu. Ta jefe shi da silifa.

Abu ɗaya ya iya a duniya, shi ne Dakta. Ya san guza ba mugunta ke sa shi cizo ba, ciki ne. Idan hannun da ke buɗe keji shi ne ke kawo abinci, to a wurin guza hannu da abinci sun zama abu ɗaya. Don haka ya raba su. Ya samo ludayin katako ya shafa masa jan fenti. Litinin da Jumma'a kawai, zai buga kejin sau uku, ya nuna jan ludayi, sannan ya miƙa zuciyar kaza ko ƙwai da dogon awartakin da ake ɗaukar garwashin shisha. Ba ludayi, ba abinci. Hannu kuwa, a wanke da sabulu, ba ya zuwa da komai sai sosa wuya. Wata bakwai yana shan bulalar wutsiya da yakushi kafin Dakta ya yarda. Daga baya har a kafaɗa yake ɗaukarsa. Samarin layin suna hawowa kallo, suna kiransa Usta Midhat, wato gwani, sunan da a shago ba a taɓa kiransa da shi ba.

Yanzu Gamalat ta sauka da mijinta neman kemis ɗin da bai tafi hutu ba. Nagiba ta tattara kwanuka da sauri ita ma ta bi su. Midhat ya zauna a gaban kejin.

Warin kifi ne, haka ya fara gaya wa kansa. Amma bara ma an yi Shammun Nasim, ya zura hannu da saura-sauran wari, Dakta ya sansana ya kau da kai. Kuma ba yau abin ya fara ba. Kusan wata biyu ke nan, da zarar sakata ta yi ƙara sai Dakta ya taso da gudu, baki a buɗe. Midhat ya ɗauka zafi ne ya shigo da wuri.

Ya sa safar fata, ya ɗauko shi. Nauyi. Gindin wutsiyar ya yi kauri kamar cinyar jariri, wuyan ya yi ninki biyu irin na Ammu. Dabbar da ke cin abinci sau biyu a mako ba ta yin haka.

Ya sa shi a bahon wanka, ya shiga tonon yashin kejin da hannu. A kusurwar baya, ƙarƙashin kututture, ya sami ƙasusuwan wuyan kaza, fiye da goma. Shi bai taɓa ba da wuya ba. Ya sami ƙashin tattabara. Ya sami busasshen ganyen kabeji a naɗe, da sauran shinkafa a ciki. Ya daɗe yana kallon wannan. Mutum ɗaya ne a duk Masar zai naɗa wa guza mahshi.

Ya sami mahaifiyarsa a kicin tana goge hannu da lemun tsami. Ya ajiye ganyen kabejin a kan tebur.

"Mene ne wannan?" ta ce.

"Ke za ki gaya min, Yamma," ya ce, da sunan da 'yan Masar ke kiran uwa.

"Shara ce. Ka kawo min shara kicin ranar biki."

"Nuna min babban yatsanki."

Ta ɓoye hannun a cikin tawul. Mako biyu ke nan da filasta a yatsan. Ta ce wuƙa ce, tana yanka ganyen molokiya.

"Wuƙa mai haƙora sama da ƙasa?"

"Bai yi da gangan ba," ta ce. "Ni ce na daɗe ban saki ba."

Midhat ya ja kujera ya zauna. "Tun yaushe?"

"Tun sanyi."

"Kullum?"

"In na hau shanya."

"Kullum kike hawa shanya."

"To laifina ne kuna ɓata kaya?" Ta juyo gaba ɗaya, ta riƙe ƙugu. "Sau biyu a mako, Midhat! Fursuna ne? Ko a gidan yari ana ba su wake da safe. Ina hawa ina ganinsa ya zuba min ido, harshe a waje, bawan Allah. A gidana, a ƙarƙashin rufina, wani ya wuni da yunwa? Me maƙwabta za su ce?"

"Maƙwabta ba sa lissafin abincin guza."

"Ba ka san Ummu Rida ba."

"Da hannu kike ba shi?"

"Da me zan ba shi? Da wannan awartakin naka, kamar mai ba kuturu? Wanda ka ba abinci, da hannunka kake ba shi. Haka aka tarbiyyantar da ni."

"Kin rushe min aikin wata bakwai da wuyan kaza."

"Shi dai yana cinyewa," ta ce, muryarta ta sauka. "Kai sai ka tsakura ka ce ka ci sanwici a shago. Ubanka ne mai cin girkina har ya siɗe kwano. Na saba dafa na mutum uku, hannuna ya ƙi koyon na biyu. In zubar?"

Ya so ya yi ihu. Bai san ta ina zai fara ba. Ya ɗauki ganyen kabejin ya jefa a shara, ya fita.

Talata da Laraba bai je shago ba. Ya hana ta hawa. Ya zauna a gaban keji yana zare sakata yana mayarwa, ba abinci, ko Dakta zai tuna. Duk zarewa sai ya taso. Laraba da la'asar Midhat ya wanke hannu sau biyu, ya zura a hankali kamar da. Dakta ya kawo cafka, ya sami bakin hannun riga ya yage shi. Za a iya gyarawa, Midhat ya sani. Wata uku, wataƙila huɗu. Shi kuwa kwana biyu gare shi.

Alhamis ya sauka hawa na biyu wurin Ammu.

Ammu yana zaune a falo, an naɗe yatsan da bandeji har ya yi girman gurasar sanwici, ya ɗora shi a kan matashi. Ɗinki huɗu aka yi masa da allura biyu. A gidan shayin layin kuwa ɗinkin ya kai goma sha biyu, guzan ya zama mita uku, kuma Ammu ne ya buɗe bakinsa da hannun hagu. Gamalat tana gefe tana tsince shinkafa a faranti.

"Ka zo duba ni ko ka zo roƙo?"

"Duka biyu, Ammu."

"Fara da dubawar."

"Sannu. Allah ya ƙara sauƙi."

"Ka gama? To roƙi."

"Wata huɗu nake so. Zan sa kwaɗo a kejin. Ba wanda zai taɓa shi sai ni."

Ammu ya gyara zama. Yana son irin wannan lokacin, ya yi kewarsa tun da ya bar ofis. "Ni mutum ne mai bin ƙa'ida. Na yi tunani. Shekara biyu ina ganinka da abin nan a wuya kamar gyale, bai cije ka ba. Ka ce ka horar da shi. To ɗayan biyu ne. Ko dai ƙarya kake tun farko, sa'a ce kawai kake ci, ko kuwa wani ne ya shiga tsakani ya lalata horon."

Gamalat ta ce wa shinkafarta, "Ni dai ban ce komai ba. Na dai ce ban taɓa ganin ana hawa shanya da kwano a rufe ba."

"Yi shiru, Hajiya, ina bincike." Ya juyo ga Midhat. "Idan wani ne, dabba ba ta da laifi. Sai ta zauna, da kwaɗo, kamar yadda ka ce. Mai laifin kuma ya sauko nan falon, a gaban kowa, ya faɗa da bakinsa, ya ba ni haƙuri, ya ajiye makullin sama a kan wannan teburin. Mai shanya ya yi a baranda. Ba zan bar mutumin da ke kiwon namun daji a ɓoye kusa da tattabaruna ba."

Midhat ya dubi teburin. Barandarsu tana kallon bangon maƙwabta, rana ba ta taɓa sauka a cikinta ba. Tun rasuwar mahaifinsa, saman benen nan ne kaɗai wurin da Nagiba ke zama ba a ƙarƙashin idon kowa ba. Can take shan shayinta, can take gulma da Ummu Rida ta kan katanga, can ta jera tukwanen na'ana'a. Ya hango ta tsaye a wannan falon, hannu a cikin tawul, Gamalat tana tsince shinkafa a hankali don kar ta ƙare da wuri.

Ya kuma hango Dakta a kasuwar Jumma'a inda ake sayar da dabbobi, a kejin waya, yara suna tsokanarsa da kara.

"To?" in ji Ammu. "Wanne ne?"

"Na farkon."

"Ban ji ba. Kunnen nan nawa tun soja."

"Ƙarya nake. Ban iya horo ba. Sa'a ce."

"Ludayin fa? Da bugun nan sau uku kamar mai kiran aljanu?"

"Burga ce. Don samari."

Gamalat ta ɗago kai karo na farko, ta dube shi, ta mayar. Ammu ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka tabbatar masa da abin da ya daɗe da sani.

"Na faɗa tun ranar kwalin takalmi. Ɗan ƙanina, kai ko gilashin waya a karkace kake mannawa, ina kai ina dabba? Amma gaskiya ta yi maka kyau. Gamalat, ba shi shayi."

Ya sha shayin. Kafin magariba labarin ya isa gidan shayi, da ƙari. Da ya fita sayen gurasa wani daga cikin samarin ya ɗaga masa murya, "Usta Sa'a! Ina ludayi?" Bai juya ba.

Kasuwa dai ya ƙi. Ya kira wani mutum a Abu Rawash, Usta Halim, wanda gidansu tun kakanni macizai da ƙadangaru suke kamawa, yana da fili a bayan gida da kwatamin ruwa. Halim ya ce ya kawo, amma kar ya sa rai zai riƙa zuwa ziyara kamar mai ɗa a makarantar kwana.

Jumma'a da hantsi, kafin masallaci, Midhat ya hau sama. Ranar abinci ce, amma ba a ciyar da guza kafin tafiya, zai amayar a hanya. Ya sa safa, ya ɗauko Dakta, ya sosa masa wuya ta bayan kai inda baki ba ya kaiwa. Dakta ya lumshe ido. Ya zura shi a buhun gari, ya ɗaure, ya sa buhun a kwandon roba. Ya ɗauki jan ludayin, ya juya shi, ya rasa inda zai kai shi. Ya soke shi a tukunyar na'ana'a.

Ammu yana tsaye a ƙofarsa a hawa na biyu, cikin sabuwar jallabiya, yatsan a sama kamar tuta, don ya shaida an cika ƙa'ida. Gamalat tana leƙe ta bayan kafaɗarsa. Tuktuk yana jira a ƙasa, direban yana danna oda.

Nagiba ta biyo shi da gudu-gudu, silifa na kaɗawa a matakala. Tun Alhamis ba ta ce masa komai ba, ta dai cika masa faranti fiye da kullum, shi kuma ya cinye. Yanzu tana riƙe da kwanon silba, an ɗaure shi da tsumma, yana ɗumi.

"Riƙe wannan."

"Mene ne, Yamma?"

"Na hanya ne."

"Na ci abinci."

"Wa ya ce naka ne?"

Ammu ya dubi kwanon, ya dubi filastar da ke babban yatsanta, ya dubi nasa bandejin. Ya buɗe baki. Gamalat ta ɗan taka masa ƙafa, ya rufe. An riga an yanke hukunci, kuma Ammu bai taɓa sake buɗe fayil ɗin da ya sa wa hannu ba, balle wanda ya gama ba da labarinsa a gidan shayi.

Midhat ya karɓi kwanon, ya ɗora a kan kwandon. Buhun ya motsa, wani abu a ciki ya fara sansanar tsumman.

Nagiba ta sunkuya ta dafa buhun da tafin hannu, yadda take dafa goshin mai zazzaɓi. Sannan ta miƙe ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ɗanta, da wan mijinta, da Gamalat.

"Shi wannan Halim ɗin," ta ce, "yana da uwa a gidan?"